Tafintan Arɗo Dogo

Na san abin da ake faɗa muku a gari game da sunan nan nawa na Tafinta, na kuma san wasunku kan sulale su bar majalisa da zarar an ɗauko labarin. Tun da yayarku Luba ta matsa sai na rubuta, ido kuma bai gama tafiya ba, bari in ba ku shi yadda ya faru. Masu ba da shi a tasha sun zuba masa gishiri har ni kaina ba na gane kaina a ciki. Ban suma ba, ban kuma fita ta taga ba. Tagar ɗakin ma ba za ta ɗauki mai jiki irin nawa ba.

Ina saurayi nakan tafi Gusau cin rani, in yi dakon buhunan auduga. A can na fara shiga silima, a can kuma na fara ganin mutumin da ya zama sanadin komai. Bature ne ɗan Amurka, mai fitowa a finafinan kaboyi, dogo, mai faɗin kafaɗa, da malafa mai karkataccen baki. Tafiyarsa kamar ƙafa ɗaya ta ɗan fi ɗaya tsawo, maganarsa kaɗan, kuma duk inda ka gan shi za ka ga shanu sun cika fili har ƙarshen gani. Harshenmu ya kasa juya sunansa. Wani Bafulatani da ke zaune kusa da ni ya dubi yawan shanun ya ce ai wannan arɗo ne, ko ba a naɗa shi ba. Daga ranar ya zama Arɗo Dogo, kuma da wannan suna na kawo shi Anka bayan shekaru, lokacin da na auri Innarku Kulu, na sayi bidiyo da talabijin da ƙaramin janareta, na kafa rumfar kwano a bayan kasuwa.

Mutane suka zo, suka ga dawaki da harbe-harbe, amma suka fara ƙorafin ba su jin abin da ake cewa. Wata ranar kasuwa wani tsoho ya ce tun da na zauna birni, in faɗa musu mana abin da Dogon ke gaya wa mai gashin bakin can. Na miƙe na tsaya a gefen talabijin, na dubi fuskar Arɗo Dogo, na dubi ta mai gashin baki, na ce yana gaya masa shanunsa sun sha ruwa a mashayar nan tun zamanin kakansa, ba wanda zai rufe masa burtali. Rumfa ta ɗauki sowa. Ban sake zama ba sai bayan shekara kusan talatin.

Ga gaskiyar da nake so ku sani: Turancina a lokacin bai wuce yatsun hannu biyu ba. Na san yes, na san no, na san kamon, na san hanzof wanda ake faɗa wa mutum idan an nuna masa bindiga, da wasu 'yan gutsattsari da na haddace ban san kansu ba. Sauran duk daga fuska nake karantawa. Idan gira ta haɗe, rigimar gona ce. Idan mace ta juya baya tana kuka, an hana shi ita ne saboda dangin uwarta. Da mutane suka fara tambayar asalinsa, shi ma na ba su. Na ce a ruga aka haife shi, uwarsa tallan nono take, uban ya rasu ya bar masa saniya ɗaya, da ita ya tara garken nan. Ƙafar kuwa bijimi ne ya taka shi yana yaro. Na aurar masa da mata uku. Da masu kawo kaset suka daina zuwa da sababbin finafinansa, na ce ya tsufa ne ya koma ruga, 'ya'ya na kula da shanu. Ban ɗauki wannan ƙarya ba. A ganina duk wanda ya kalli mutumin nan da kyau zai ga haka rayuwarsa ta kasance.

Babban aminina a rumfar shi ne Buba Jae, makiyayi daga wajen Nasarawar Burkullu, wanda ba ya fashin ranar kasuwa. Shi harbin bai dame shi ba, shanun yake kallo, yana faɗin wadda ke da ciki da wadda ta kwana da yunwa. Har bijiminsa mafi girma ya sa wa suna Dogo. Ko da samari suka koma kallon ƙwallo da finafinan Hausa, dattawa da Fulani da 'yan haƙar zinariya baƙi sun riƙe ni, suna na kuma ya bazu har Gummi. Yara sukan kawo mini takardar asibiti in duba, in gyara tabarau in ce su kai wa malamin da ya rubuta, don rubutun likita ba a karanta shi sau biyu.

Innarku ce kawai ba ta taɓa ruɗuwa ba. Ba ta taɓa tona ni ba, amma duk ranar da na dawo ina hura hanci sai ta ajiye mini tuwo ta tambaye ni, a Turance yaya ake ce wa miyar kuka. Luba ma ta gane tun tana makarantar sakandare, ta kuma yi shiru har ta zama malamar firamare, ta yi aure nan cikin gari. Ɗiya ce mai kunya.

Sai shekarar nan ta zo, wadda ba sai na tuna muku ba, da yara suka riƙa ciwo a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya a cikin gida. Aka ce gubar dalma ce. Likitoci suka zo daga ƙasashen waje suka buɗe wurin jinya a Anka, ana kwaso yara da iyayensu mata daga Bagega da sauran ƙauyuka. Suna da tafintocinsu, amma aikin ya fi ƙarfinsu, ɗaya kuma aka tura shi wajen Bukkuyum. Wakilin hakimi ya ce musu kada su damu, akwai mutum a garin nan da ya shekara talatin yana fassara Turancin Amurka, wanda ya fi na Ingila wuya. Ya aiko a kira ni.

Ina sa babbar rigata mai aska Innarku ta tsaya a bakin ɗaki, ta riƙe ƙugu.

"Malam, ina za ka da wagga riga?"

Na ce hukuma ke nemana.

"Awo, na jiya. Ka hwaɗa musu gaskiya tun nan ƙohwar gida. Can ba talabijin ta ba, mutane na masu numhwashi."

Na ce mata mace ba ta san sha'anin aikin ƙasa da ƙasa ba. Ta ce Allah shi kiyaye hanya, ta koma wajen dakanta. Har na kai zaure ina jin taɓaryar ta fi ta kullum ƙarfi.

Aka haɗa ni da wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya, Sista Helin, farar furfura, fuska ta yi ja da rana kamar gauta. Ta miƙo hannu ta zubo magana. Na ce yes. Ta ƙara, na ce yes, yes. Ta yi murna ƙwarai. Washegari aka sa mu a mota zuwa Bagega don ta yi wa magidanta bayani a gindin wata tsamiya. Na tsaya a gefenta daidai yadda nake tsayawa a gefen talabijin, sai na ji tsoro ya sake ni. Abin da za ta faɗa ai na riga na ji a rediyo: a daina niƙa dutse a tsakar gida, a daina shanya shi inda yara ke rarrafe, a wanke hannu. Ta yi jimla ɗaya gajera, na yi minti biyar, har da labarin wani attajiri da zinariya ta cika masa ɗaki ya rasa magaji. Ta dube ni da mamaki, ta yi wata doguwar magana tana lissafi da yatsu, ni kuma numfashina ya ƙare, na ce musu ta ce haka ne. Wani ya tambaya ko ƙasar da za a kankare daga gidaje za a mayar musu da ita. Na juya gare ta na haɗa duk abin da nake da shi, na rufe da kamon. Ta girgiza kai alamar ba ta gane ba, na ce masa ta ce a'a. Muka dawo ana yaba ni. Wakilin hakimi ya ce bai taɓa jin Baturen da Hausarsa ta yi daɗi haka ba.

Rana ta uku aka shigar da ni ɗakin jinya. Akwai wata mata daga Bagega, Tumba, da ɗanta ɗan shekara biyu a cinya. An sallame su za su koma gida da magani. Yaron ya rame, wuyansa da ƙyar yake riƙe kai, amma ya kama gefen rigata yana wasa da zaren askar. Tumba ta gaya mini, ba tare da na tambaya ba, cewa shi kaɗai ya rage mata cikin uku. Sista Helin ta durƙusa a gabanta da ƙullin ƙwayoyi, ta yi magana a hankali, ta ɗaga yatsu uku, ta nuna agogo, ta ɗaga biyu, ta sake cewa wani abu. Sannan su biyun suka juyo suna kallona.

Na dubi fuskar Sista kamar yadda na saba. Babu komai a cikinta sai jira. Uku ɗin nan ƙwaya uku ce, ko sau uku, ko kwana uku? Biyun fa? Bakina ya riga ya buɗe, don shekara talatin bai taɓa rasa abin faɗa ba, har na ji jimlar ta taso, mai daɗi, da ƙarin bayani. Yaron ya ja zaren rigata. Na rufe bakin.

Na ce wa Tumba, "Ɗiyata, kak ki ba shi komi tukuna. Ni ban jin Turanci. Ban taɓa ji ba."

Ta dube ni, ta dubi rigar, ta ce to mi ya kawo ni nan. Matan da ke sauran gadaje duk sun ji. Saura Sista, wadda ke ta murmushi tana zaton fassarar ce nake yi. Nan na gane irin ramin da na faɗa: ba ni da Turancin da zan gaya mata ba ni da Turanci. Na ce no. Ta ce no? Na nuna bakina, na nuna kunnena, ta ɗauka ciwo nake, ta miƙo hannu za ta taɓa goshina. Da na rasa yadda zan yi, sai na yi abin da na ga marasa gaskiya na yi idan Arɗo Dogo ya ritsa su: na ɗaga hannuwana biyu sama, na tsaya. Daga nan masu ba da labari suka samo suma da taga. Abin da ya faru shi ne na karɓe ƙullin maganin da aka riga aka miƙa wa Tumba na danƙa wa Sista a hannu, na nuna mata ta jira, na fita ta ƙofa kamar kowa, na tari kabu-kabu zuwa makarantar su Luba.

Na same ta a aji. Ban taɓa tsayawa gaban ɗiyata ina neman abu ba sai ranar. Na ce mata akwai yaro da magani, ni kuma ta san abin da ta sani. Ta ajiye alli, ta aika a gaya wa mijinta, ta yafa mayafi. A ɗakin jinya ta yi magana da Sista, ta juya ta yi wa Tumba bayani dalla-dalla, ta sa ta maimaita har sau biyu. Abin da na so in faɗa da farko ba shi ne ba. Ko kusa. Har yau idan na tuna sai na ajiye abin da ke hannuna.

Da aka gama, Sista ta tambayi Luba abin da ya faru, Luba ta sunkuyar da kai ta ba ta labari tun daga rumfa. Na ga fuskar matar ta sauya, ta yi fushi na gaske, ta tambayi me na gaya wa mutanen Bagega. Na maimaita, Luba na juyawa. Da aka zo kan attajirin da ya rasa magaji ta ce ba ta faɗa ba, amma a bar shi. Maganar ƙasa kuwa sai da aka koma aka gyara, don ashe sabuwa mai tsabta za a zuba musu. Suka roƙi makaranta ta ba da aron Luba. Ni aka ce in tafi gida.

Kafin in kai gida labari ya riga ni. Wakilin hakimi ya yi shekara bai amsa gaisuwata da baki ba, sai da kai. Samarin tasha suka sa mini Ta-ce-haka-ne. Ranar kasuwa na tada janareta, mutum huɗu suka zo, biyu daga ciki don su ga ko zan iya ɗaga ido. Innarku, wadda na shirya wa gorinta, ba ta yi ba. Ta ajiye mini tuwo ta zauna kusa, ta ce yau dai na yi abin da ya sa ba ta yi nadamar aurena ba, sai dai da na yi shi tun a ƙofar gida da an huta kuɗin kabu-kabu.

Bayan kamar wata guda Luba ta ce Sista na son ganin rumfar. Ta zo da la'asar, na sa kaset ba don ina so ba. Arɗo Dogo na fitowa a kan doki matar nan ta dafe ƙirji ta ambaci sunansa na gaskiya. Ashe mahaifinta masoyinsa ne, da finafinansa aka rene su, har littafin tarihinsa yana da shi. Na ce Luba ta tambaye ta labarin rugarsu. Luba ta yi ta jan ƙafa kafin ta juya mini amsar. Ba a ruga aka haife shi ba, a tsakiyar wani babban birni ne, uban tela. Aikinsa na farko tuƙa motar kai ƙanƙara gidaje, a nan wani mai shirya fim ya gan shi ya ɗauke shi saboda tsawo. Shekara goma yana fitowa a matsayin wanda ake harbewa tun farkon fim kafin a ba shi malafar kirki. Ƙafar daga tsani ya faɗo. Doki ya koya da girma, kuma duk faɗuwar da muka yi ta yi wa salati wani ne daban ke yi masa. Gashin da ke ƙarƙashin malafar ma na saye ne. Mata uku kam na dace, sai dai ɗaya bayan ɗaya. Na tambayi wa ke kula da shi yanzu da ya tsufa. Sista ta ce ai ya daɗe da mutuwa, tun kafin in sayi bidiyona.

Ban zaci abin zai taɓa ni ba. Na kashe janareta na koma gida na kasa cin abinci. Innarku ta gaya wa maƙwabciya, maƙwabciya ta gaya wa mijinta, washegari da hantsi sai ga dattawan rumfa suna sallama a ƙofar gida ɗaya bayan ɗaya. Aka shimfiɗa tabarmi. Ba wanda ya san addu'ar da ta dace, sai kowa ya ce Malam Umaru ya haƙuri, in ce haƙuri sai ma'aiki... in kuma rasa yadda zan ƙarasa. Liman ya wuce ya tambayi wa ya rasu, aka gaya masa, ya ce Allah shi kyauta, ya ƙara sauri. Mutanen da suka guje ni saboda ƙarya su ne suka zauna da ni makokin wanda na yi ƙaryar a kansa, har da goro.

Buba Jae ya iso ranar kasuwa, ya jingina sandarsa, ya ƙi zama. Maganar Turanci ba ta dame shi ba, ya ce shi ma da yana ji da bai bari na yi ta magana ni kaɗai ba. Abu ɗaya ya zo tambaya.

"Umaru, gaskiya na ba shi da nagge? Ko guda?"

Na ce haka Baturiya ta ce.

"Ko ɗan maraƙi?"

Na ce ko akuya.

Buba ya ce dama ya sha ganin yadda mutumin ke tsayawa a bayan saniya, wanda ya taɓa shan shuri ba ya tsayawa haka, amma ya yi shiru don kada ya ɓata mini sana'a. Na tambaye shi ko zai sauya wa bijiminsa suna. Ya ce bijimin ya riga ya saba, kuma shi aƙalla Dogon gaske ne.

Rumfar ba ta sake cika ba. Na ci gaba da buɗewa ranar kasuwa don dattawan, amma na zauna a benci tare da su, kowa na faɗin abin da yake ganin ana cewa, a yi ta musu har fim ya ƙare. Bayan shekara biyu na sayar da janareta na koma gona gaba ɗaya. Luba kuwa daga aikin nan ta samu hanyar karatun jinya, abin da kuka gan ta tana yi yanzu. Ɗan Tumba ya rayu. Ta taɓa aiko mini da kaza.

Ranar da Sista Helin za ta koma ƙasarsu na je sallama, Luba na gefe. Na yi niyyar in rabu da ita da harshenta ko sau ɗaya. Akwai wata jimla da Arɗo Dogo kan faɗa idan zai rabu da mutum a bakin gari, yana kallonsa ido cikin ido, na haddace ta tun Gusau, kullum kuma ina fassara ta da Allah ya kai ka gida lafiya, a gai da iyali. Na gyara tsayuwa, na sassauta murya, na faɗa mata ita tiryan-tiryan. Direba ya leƙo ta taga. Luba ta rufe fuska da mayafi. Sista ta yi tsaye baki buɗe, sannan ta fashe da dariya har ta zauna a kan akwatinta tana share hawaye.

Na tambayi Luba me na ce.

"Baba, cewa ka yi in ka sake ganin ta garin ga bayan hwaɗuwar rana, sai ka harbe ta."

Sista ta tashi ta kama hannuna da hannu biyu ta yi magana, Luba ta juya mini: ta ce ta gode, kuma za ta yi ƙoƙari ta wuce Gusau kafin magariba.

Wannan shi ne abin da ya faru, ba ƙari, ba ragi, karo na farko a rayuwata. Allah ya yi muku albarka, ya sa ku riƙa cewa ba ku sani ba tun kuna ƙofar gida.